Darasi na 11: Buɗe Ƙofar Intanet Tsakanin Keɓaɓɓun Jadawalan Hanya

A ɗauka kuna aiki a wani kamfanin sadarwa, kuma a ofishinku na Kano akwai rauta babba guda ɗaya, wato na'urar nan da ke karɓar ƙunshin bayanai, ta duba adireshin da ke goshinsa, ta tura shi inda ya nufa. Abokan ciniki biyu sun ɗauki layi a wurinku. Ɗaya banki ne mai rassa a Kano da Katsina da Gusau, ɗayan kuma asibiti ne mai reshe biyu. Ranar da za a haɗa su, injiniyan banki ya ce kwamfutocinsa suna kan 10.1.1.0/24. Kuka waiwaya wurin na asibiti, shi ma ya ce 10.1.1.0/24.

Babu mai laifi a cikinsu. Tun a 1996 takardar ƙa'ida mai lamba RFC 1918 ta ware rukunin adireshi uku, 10.0.0.0/8 da 172.16.0.0/12 da 192.168.0.0/16, ta ce kowa ya yi amfani da su a cikin gidansa ba sai ya nemi izini ba, muddin bai fita da su intanet ba. Kamar sunan Musa ne a unguwa. Kowane gida da nasa Musan, kuma ba a jin kan kowa sai ranar da ɗan aike ya tsaya a tsakiyar layi ya ce ana sallama da Musa. Rauta mai jadawalin hanyoyi guda ɗaya tana cikin halin ɗan aiken nan: adireshi ɗaya, masu shi biyu, kuma idan ta zaɓi ɗaya to bayanan asusun mutane za su iya faɗawa ɗakin ajiyar magani.

Maganin da masu harkar suka tsaya a kai shi ne a raba wa rauta jadawalinta. Maimakon littafi ɗaya, a ba ta littattafai da yawa, kowane abokin ciniki da nasa, a kuma ɗaure kowace kafar waya da littafi guda. Ƙunshin da ya shigo ta kafar banki, a littafin banki kaɗai za a nemi hanyarsa. Wannan keɓaɓɓen jadawali shi ne abin da ake kira VRF. Eric Rosen da Yakov Rekhter ne suka rubuta tsarin a RFC 2547 a shekarar 1999, sannan RFC 4364 ta maye gurbinta a 2006, kuma ita ake bi har yau. Asalin jadawalin da rauta ta zo da shi bai tafi ko'ina ba, yana nan gefe, muna kiransa babban jadawali. A cikinsa kamfani ke ajiye hanyoyin na'urorinsa, sau da yawa har da hanyoyin intanet.

Ina so ku riƙe abu ɗaya tun daga nan: katangar da ke tsakanin jadawalin banki da na asibiti ita ce hajar da suka biya kuɗi suka saya. Duk abin da za mu koya a wannan darasi, fasa ƙofa ne a jikin wannan katanga.

Lambar bambancewa da hatimi

Kamfani ba rauta ɗaya gare shi ba. Akwai ta Kano, akwai ta Katsina, kuma dole ta Kano ta gaya wa ta Katsina hanyoyin banki ba tare da sun gauraya da na asibiti ba. Suna wannan magana ne ta BGP, harshen da rautoci ke sanar da juna hanyoyi da shi. Abubuwa biyu ake liƙa wa kowace hanya kafin ta tashi, kuma ɗalibai da yawa suna ruɗa su, shi ya sa zan ɗan tsaya a nan.

Na farko ita ce lambar bambancewa, RD a taƙaice. Tsawonta bayit 8 ne. Ana ɗora ta gaban adireshin IPv4 mai bayit 4, sai a sami adireshi mai bayit 12 wanda ba ya karo da na kowa. Idan an ba banki 64500:10, asibiti kuma 64500:20, to 10.1.1.0/24 na banki da na asibiti sun zama hanyoyi biyu daban a idon BGP. Musa na gidan Malam Audu, Musa na gidan liman. Aikinta ke nan, ba ta da wani. Ba ta buɗe ƙofa, ba ta rufewa.

Na biyu shi ne hatimi, RT a taƙaice, shi ma bayit 8 ne, kuma rubutunsa kama yake da na lambar bambancewa, daga nan ruɗanin ke tasowa. Amma hatimi ne ke da iko. Kowane keɓaɓɓen jadawali yana da jeri biyu: hatimin da yake bugawa a kan hanyoyin da zai fitar, da hatimin da yake yarda ya karɓa. Jadawalin banki na Kano ya buga 64500:100 a kan hanyoyinsa, na Katsina kuma an ce masa ya karɓi duk abin da ke ɗauke da 64500:100. Shi ke nan, rassa sun ga juna. Asibiti yana bugawa yana karɓar 64500:200, don haka hanyar banki ko ta iso rautar da yake kai, za ta wuce ba ta shiga littafinsa ba. Hanya ɗaya tana iya ɗaukar hatimi fiye da ɗaya, jadawali ɗaya ma yana iya karɓar hatimi fiye da ɗaya. A nan duk dabarar raba hanyoyi take, a nan kuma duk haɗarinta yake.

Rautocin tsakiyar kamfani ba su san komai game da waɗannan jadawalai ba. Alamar MPLS da ke saman ƙunshi kawai suke dubawa. Alama biyu ce: ta waje tana kai ƙunshi rautar da ke bakin iyaka, ta ciki kuma tana gaya wa waccan rauta inda za ta sauke shi.

Ranar da banki ya nemi intanet

Ba a daɗewa abokin ciniki zai ce yana son ma'aikatansa su shiga intanet ta layin nan da ya riga ya biya. Jadawalinsa kuwa bai san kowace hanya ba sai ta rassansa. Sashe na 11 na RFC 4364 kacokan a kan wannan buƙata yake magana.

Hanya mafi sauƙin fahimta ita ce kada a taɓa katangar sam. A ja wa banki layi na biyu, ko a raba wayar da ke akwai gida biyu da VLAN, rabi ya shiga jadawalin banki, rabi ya shiga babban jadawali inda intanet take. Banki ya sa katangar tsaronsa a bakin layin intanet, ya kula da kansa. Ni a ganina, ga abokin ciniki mai riƙe da kuɗin mutane ko sirrin marasa lafiya, wannan ya fi kwanciyar hankali, ko da zai ɗan ƙara masa kuɗi da aiki.

Hanya ta biyu ita ce a rubuta wa jadawalin banki hanyar gama-gari, 0.0.0.0/0, a ce masa mafitarta tana cikin babban jadawali. Rauta kullum tana fifita hanyar da ta fi dacewa da adireshi daki-daki, saboda haka ƙunshin da ke neman reshen Gusau zai bi hanyar Gusau, wanda ba a san inda ya nufa ba ne kaɗai zai faɗa gama-gari. A na'urorin Cisco layi ɗaya ne:

ip route vrf BANKI 0.0.0.0 0.0.0.0 198.51.100.1 global

Kalmar ƙarshen nan ita ce ƙofar. Na'urorin Juniper suna yin irin wannan da next-table inet.0 ko da rib-groups. Linux ma yana da VRF tun fitowar 4.3 a 2015, kuma manhajar FRRouting tana da umarnin import vrf.

Sai dai layin nan rabin aiki ne, kuma a nan sababbin ma'aikata suka fi tuntuɓe. Kun nuna wa ƙunshi hanyar fita, ba ku nuna wa amsa hanyar dawowa ba. Shafin da ma'aikacin banki ya buɗe zai aiko da amsa, amsar ta iso babban jadawali, shi kuma bai taɓa jin labarin adireshin banki ba, sai ya yar da ita. Ma'aikaci yana kallon allo yana juyawa, ku kuma kuna kallon hanyar gama-gari zaune daram a jadawali kuna rantsuwa komai lafiya. Dole ne a rubuta hanya ta biyu a babban jadawali mai nuni zuwa kafar banki, a kuma sanar da ita ga sauran rautocin kamfani. Duk lokacin da aka kawo muku ƙarar cewa an buɗe intanet amma ba ta aiki, ku fara tambayar ta ina amsa za ta dawo.

Tambayar tana jawo wata. Wane adireshi za a sa a babban jadawali? Ba 10.1.1.0/24 ba, domin intanet ba ta karɓarsa, kuma asibiti ma shi yake da shi. Dole banki ya sami adireshi na fili, ko da ɗan ƙaramin yanki ne kamar 203.0.113.0/29, a riƙa sauya adireshin cikin gida zuwa na fili da NAT kafin ƙunshi ya ƙetare katanga. Ana iya yin sauyin a katangar tsaron banki, ana iya yinsa a na'urar kamfani. Adireshin fili kuwa ba a wasa da shi, tunda babban rumbun IPv4 na hukumar IANA ya ƙare tun 3 ga Fabrairu 2011, abin da ya rage yana hannun hukumomin yankuna, irin su AFRINIC mai kula da Afirka daga Mauritius.

Zaure ɗaya, sassa da yawa

Hanya ta uku ita ce wadda manyan kamfanoni da dama suka fi so, kuma ita za mu yi wa zama na musamman. A cire intanet daga babban jadawali gaba ɗaya, a ba ta nata keɓaɓɓen jadawali, mu kira shi INTANET. Layukan da ke zuwa kamfanonin da kuke sayen intanet a hannunsu duk a ɗaure su da shi. Ribar farko ita ce na'urorin tsakiyar kamfani sun ɓoyu, wanda ke waje ba shi da hanyar isa gare su. Riba ta biyu, ba wa abokin ciniki intanet ya zama aikin hatimi kawai.

Ku tuna gidan yawa mai sassa da dama da zaure ɗaya. Kowa ta zauren yake fita, ta nan baƙonsa ke sallama, amma zaure bai ba kowa izinin leƙa sashen wani ba. Don a sami haka, hatimi biyu ake bukata, ba ɗaya ba. Jadawalin INTANET ya buga 64500:900 a kan hanyar gama-gari, ya kuma karɓi 64500:901. Banki da asibiti su karɓi 64500:900, su buga 64500:901 a kan adireshinsu na fili kaɗai. Ku bi shi a hankali. Banki ya sami mafita, domin ya karɓi 900. INTANET ya san hanyar dawowa, domin ya karɓi 901. Banki bai ga hanyar asibiti ba, domin 901 ke kanta, shi kuma ba ya karɓar 901.

Mai gaggawa zai ce me ya sa ba za a yi hatimi ɗaya ba, kowa ya buga 900 ya karɓi 900? Zai yi aiki nan take, intanet za ta zo, kowa ya tafi gida. Amma tun daga wannan minti banki yana karɓar duk abin da asibiti ya fitar, asibiti ma haka. Babu ƙararrawar da za ta kaɗa, babu layin da zai yanke. Abin da ya sa nake jin tsoron wannan kuskure fiye da wanda ke kashe layi ke nan: layin da ya mutu ana gyara shi a ranar, katangar da ta rushe shiru tana iya yin watanni ba wanda ya lura.

Akwai kuskure na biyu da ya fi wannan ɓoyuwa. An yi hatimi biyu daidai, amma aka buga 901 a kan dukan hanyoyin banki, har da na cikin gida. Yanzu jadawalin INTANET ya san hanyar 10.1.1.0/24. A littafin asibiti ba za ku ga komai ba. Sai dai wani abokin ciniki na uku, idan ya aika ƙunshi zuwa 10.1.1.5, gama-gari za ta kai shi zaure, zaure kuma ya san hanya, sai ya miƙa shi cikin banki. Saboda haka hatimin 901 ba a buga shi kai tsaye a kan jadawali dungurungum. Ana sa rariya, wato jerin adireshin da aka amince da su ɗaya bayan ɗaya, abin da ya ratsa ta shi kaɗai ke samun hatimi. A ɓangaren INTANET ma a sa wata rariyar mai ƙin duk adireshin RFC 1918, don idan hannu ya kuskure a can, a tare a nan.

Ku kuma sani cewa hanyar da jadawali ya karɓa daga wani, ba ya sake fitar da ita da nasa hatimin. Abin aro ba a ba da shi aro. Idan kuna so INTANET ya raba hanyar gama-gari, dole ta zama tasa ce, ko dai ya koye ta daga kamfanin da ke sama, ko a ƙirƙire ta a cikinsa a shigar da ita BGP. Na fi son wadda aka koya daga sama, ko wadda aka ɗaure da sharaɗi. Hanyar da aka rubuta da hannu ba ta san layin sama ya yanke ba, za ta ci gaba da kiran ƙunshin mutane tana zubawa a rami, alhali akwai wata mafita lafiya lau a Legas ko Abuja da ya kamata su koma.

Me ya sa gama-gari kaɗai?

Wani zai tambaya, tunda hatimi na iya ɗauko kowace hanya, me zai hana a zuba wa banki cikakken jadawalin intanet? Amsar lissafi ce. Hanyoyin IPv4 na duniya sun haura 900,000. Kowane jadawalin da ya karɓe su sai ya ci wurinsa a ƙwaƙwalwar rauta. Abokan ciniki 20 a rauta ɗaya, kun doshi hanya miliyan 18. Masu harkar ba su manta da 12 ga Agusta 2014 ba, ranar da jadawalin duniya ya taɓa kimanin 512,000, wanda shi ne iyakar da tsofaffin na'urori irin su Cisco 6500 da 7600 suka zo da ita daga masana'anta. Layuka suka yi ta tangal-tangal a wurare da dama, kuma wancan jadawali ɗaya ne tak.

Ga kuma alamar MPLS. Tsawonta bit 20 ne, wato 1,048,576 gaba ɗaya, 16 na farko ma a ware suke. Wasu na'urori, idan ba a ce musu komai ba, kowace hanya alama guda suke ba ta. Ku zuba cikakken jadawali a INTANET a haka, kun kusa cinye alamomin rautar baki ɗaya. Sai an umarce ta ta ba da alama ɗaya ga jadawali duka, ko ɗaya ga kowane maƙwabci.

Mai bukatar cikakken jadawali shi ne wanda ke da lambar AS tasa, wato lambar da ake gane shi da ita a BGP, yana sayen intanet daga kamfani biyu ko fiye, yana so ya zaɓi wanda zai bi zuwa kowane wuri. Shi ma ba a kwafa masa hanyoyin a cikin keɓaɓɓen jadawalinsa, ana haɗa shi da INTANET ne kai tsaye ta BGP. Banki mai mafita ɗaya, ko an ba shi hanya 900,000 duk ƙofa ɗaya za su nuna masa, layi ɗaya ya wadatar. A kowane jadawalin abokin ciniki kuma a sa iyakar adadin hanyoyi. Wanda ke da hanya 40, a ce kada ya wuce 200, rauta ta yi gargaɗi tun kafin a kai.

Akwai ƙetarar da hanya da gangan, wanda shi muke koyo, akwai kuma yoyo. Ranar 12 ga Nuwamba 2018, kamfanin MainOne na Legas yana aikin sabunta na'urori, sai hanyoyin Google da ya koya a mahaɗar intanet ta IXPN suka zube zuwa China Telecom, daga can suka bazu har ta TransTelecom na Rasha. Bayanan masu neman Google daga wasu sassan duniya suka karkata can suka maƙale. Minti 74 aka yi kafin a gyara, kuma kamfanin ya fito fili ya ce kuskuren saiti ne. Wannan tsakanin kamfanoni ya faru, ba tsakanin jadawalan rauta ɗaya ba, amma asalin ciwon ɗaya ne: hanyar da aka koya daga wani ta isa wurin wanda bai kamata ya ji ta ba, kuma babu rariya a tsakani. Ƙwararru ne suka yi shi, ba 'yan koyo ba.

Bayan kowane canji, kafin ku rufe kwamfuta, ku buɗe jadawalin banki da show ip route vrf BANKI ku ƙirga abin da ke ciki. Ku gwada ping daga cikin jadawalin, da adireshin fili na banki a matsayin mai aikawa, domin gwaji da adireshin rautarku ba ya tabbatar da hanyar dawowar abokin ciniki. Sannan ku buɗe jadawalin asibiti, wanda ba ku taɓa ba, ku tabbata yadda kuka same shi haka yake. Wannan dubawa ta ƙarshe ita aka fi tsallakewa, domin asibiti bai kawo ƙara ba.

Aikin aji

Ku zauna bibbiyu da takarda da biro, ba a bukatar na'ura. Ku zana jadawali huɗu: BANKI, ASIBITI, INTANET, da sabon abokin ciniki, wata makaranta mai amfani da 192.168.5.0/24 a ciki da 203.0.113.8/29 a fili. Ku ba makarantar lambar bambancewa da hatiminta, ku rubuta a ƙarƙashin kowane jadawali abin da yake bugawa da abin da yake karɓa, sannan ku jera hanyoyin da za su bayyana a cikin kowanne.

Idan kun gama, ɗaya ya juya baya, ɗayan ya canza lamba ɗaya tak a takardar. Wanda ya juya ya dawo ya gano canjin, ba ta hanyar kwatanta rubutu ba. Ya ɗauki ƙunshi daga kwamfutar makaranta zuwa 10.1.1.5, ya bi shi da yatsa jadawali bayan jadawali, ya faɗi inda zai tsaya. Ya sake ɗaukar wani daga banki zuwa intanet, ya raka amsarsa har ta dawo. Daga nan ku yi musanya.